Gayyar Labbo a Gonar Gwamnati

A Gwadangaji, in ka ce ka taɓa ganin giwa, Labbo zai ce maka shi ya yi kiwonta tana 'yar ƙarama. In haƙori ke damunka, shi ya san magani. In rediyonka ta daina magana, kawo ta, ai shi ya koya wa mai gyara sana'a. Rediyon ba za ta sake cewa uffan ba har abada, amma Labbo zai yi surutun da zai ishe su su biyu. Haifaffen Gulma ne, neman abinci ya kawo shi gefen Birnin Kebbi. Ya taɓa dako, ya taɓa tallar kananzir, ya taɓa aski har ranar da ya kusa raba wani bawan Allah da kunnensa. Kowace sana'a kuwa, in ta bakinsa za ka ji, ita ce ta yi masa kaɗan.

Wata shekara da farkon damina sai labari ya zo daga Sakkwato cewa wani ofishin gwamnati mai binciken tsirrai zai ɗauki leburori na ɗan lokaci. Aikinsu su bi malami cikin fadama da gandun daji wajen Argungu, su tsinko ganye, su tono saiwa, su ɗauki kaya. In kaka ta yi a sallami kowa. Sai dai an ce mutum ɗaya za a riƙe dindindin, a ba shi kaki da keke, ya zama mai kula da wani fili da gwamnati ta kewaye da waya. Wannan magana ita ta shiga ran Labbo ta yi kaka-gida. Kada ku ga cika bakinsa, a can ƙasan zuciya mutumin ya gaji. Furfura ta fara leƙo masa, ba shi da abin da zai nuna ya ce ga nawa, kuma ya san dariyar da ake yi in ya ba da baya. Yana son ranar da zai ratsa Gwadangaji bisa keken gwamnati yana kaɗa ƙararrawa, ko sau ɗaya a yi shiru.

Da safe ya isa teburin Riskuwa mai shayi, maƙwabcinsa kuma babban abokin gardamarsa.

"Riskuwa, zuba man mai kauri, irin na ma'aikatan gwamnati."

"An ɗauke ka ke nan?"

"Ɗauka? Ai domina anka buɗe ohishin. Wa as san haki da ganye awa ni dut ƙasar Kabi? Ni da in na shinshina ganye sai in hwaɗa maka garin da anka haihe shi."

Riskuwa ya ɗebo ganyen shayi a tafin hannu ya miƙa masa. "To bisimilla. Wanga ɗan ina na?"

Labbo ya shinshina, ya lumshe ido, ya sake shinshinawa. "Ɗan Illo na. Bakin gulbi, ta gabas."

Masu shan shayi suka kwashe da dariya har wani ya ƙware. Labbo ya ce dama jahilci ciwo ne, ya shanye shayinsa ya tashi.

A gida matarsa Asiya ta saurare shi tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. Mace ce mai haƙurin dutse da harshe kamar aska. Da ya kai aya ta ce, "Ni dai Malam, roƙona guda. Abin da anka ce ka yi, yi shi. Kak ka ƙara, kak ka rage."

"Ke mi kinka sani ga aikin ilimi?"

"Ban san ilimi ba. Kai nis sani."

Aka ɗauki Labbo, don ƙato ne, kuma shi kaɗai ya iya ɗaga akwatin ƙarfe ba taimako. Shugaban aikin wani Bayarabe ne mai tabarau, Malam Ayinde, wanda ya daɗe a ƙasar har yana jin Hausa kamar jakin Kano. Mutum ne mai sanyin hali, ba abin da ke sa shi rawar jiki sai ciyawa. In ya ga wani ɗan tsiro da ko akuya ba za ta kalla ba, sai ya durƙusa a gabansa kamar ya haɗu da surukinsa. Direbansa Pius shi ke jan Landroba, shi ke kuma yi masa dariya a ɓoye.

Ranar farko a gandun daji, Malam Ayinde ya tsaya gaban wata ciyawa mai yaɗo, mai 'ya'ya masu gashi-gashi, ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan ƙarara ce. Kowa ya ja baya, kada wanda ya taɓa."

Labbo ya yi dariya. "Wagga? Ranka shi daɗe, ai abokiyar wasata ta. Masu raunin jini taka kamawa. Mu tun muna yara da ita muka goge jiki."

Kafin a ce kwabo ya tsinko cike da hannu, ya murza a damtse, ya zuba sauran cikin aljihun wando don a kai ofis. Ya tsaya yana murmushi. Murmushin ya fara karkacewa. Ya ɗan sosa damtse kamar wanda ƙuda ya taɓa, ya sosa wuya, ya sosa cinya. Can sai ga Labbo yana wata irin rawa da ba a taɓa gani ba ko a gidan biki, ƙafa ɗaya sama, hannu biyu cikin wando. Ya tuɓe riga ya jefar, ya zura da gudu ya faɗa wani tafki inda mata ke wanki, matan suka watse suna salati. Da aka fito da shi jikinsa duk ya yi ruɗu-ruɗu, amma bakin bai mutu ba.

"Gwaji niy yi," in ji shi yana haki. "Rubuta, Malam. Ta ƙwarai ta."

Aikin ya ci gaba. Duk ganyen da aka tsinko sai a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako sama da ƙasa, a ɗaure tam har ya bushe. Wata ranar Alhamis aka dawo Birnin Kebbi a makare, aka tarar an kulle ofis. Labbo ya ce a ba shi ɗaurin ya kwana da shi, ai gidansa ya fi banki tsaro. Gaskiyar magana so yake a gan shi da kayan gwamnati a ka. Ya zaga unguwa da ɗaurin ta hanya mafi nisa, ya kwance shi a tsakar gida don maƙwabta su ga ilimi da idonsu, sannan ya tafi wurin Riskuwa ba da labari.

Asiya ta fito ta ga lalo da tafasa da rama busassu, tsaf-tsaf, babu ko ƙwayar ƙasa. Ta ce ashe yau mutumin ya tuna da cefane. Ta kaɗa miya da ganyen, ta hura wuta da jaridun. Labbo ya dawo ya ci tuwo ya side hannu, ya ce rabonsa da miya irin wannan tun ta uwarsa. Sai da ya nemi kayansa ya gane inda suka kwana.

"Asiya! Kin dahe gwamnati!"

"Kai kuwa ka cinye ta, har da ƙari."

Labbo bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya zaga bayan gida ya tsinko abin da hannunsa ya kai, ya ari jaridu wurin mai tsire, ya ɗaure yadda yake. Ranar Asabar Malam Ayinde ya kwance ɗaurin da ya san na tsakiyar fadama ne. Ya ɗaga ganye na farko, ya gyara tabarau.

"Labbo, yaushe zogale ya fara tsirowa a cikin ruwa?"

"Ikon Allah na, ranka shi daɗe."

"Wannan kuma ganyen kabewa ne. Jaridar kuma duk mai da yaji."

"Wallahi da niɗ ɗaure su ba haka suke ba. Matsi na yac canza su. Ko mutum in an matse shi ai sai shi sake kama."

Pius ya fita waje da gudu ya riƙe Landroba yana dariya. Malam Ayinde ya daɗe yana kallon Labbo. Da wani ne da ranar ya kore shi, amma Labbo na ɗaukar kayan mutum biyu, ya san duk wata 'yar hanya ta fadama, ga shi in an yi masa faɗa yana yin wani kalar tausayi kamar maraya. Aka yi masa kashedi na ƙarshe, aka wuce wurin.

To, filin nan da ake maganar mai kula da shi yana bakin fadamar Gulma ne, mahaifar Labbo. Shekara da shekaru gwamnati ta kewaye shi, ta hana noma, ta hana kiwo, don a ga abin da ƙasa za ta fitar da kanta in an ƙyale ta. Ciki an kakkafa turaku masu lamba, an ja igiyoyi, kowace damina Malam Ayinde na zuwa ya auna. Abin da ya fi ƙauna a ciki shi ne shinkafar daji, wadda manoma suka tsana kamar mutuwarsu don tana shaƙe ta gida. Shi kuwa ya ce ba ta jin cuta, ba ta jin ambaliya, wata rana jininta zai ceci shinkafar kowa. Mutanen Gulma ba su ga haka ba. Su abin da suka gani ƙasa mai kyau, baƙa wuluk, ta cika da ciyawar burugu da ƙaya ta fi tsayin mutum. Sun sa mata suna Gonar Raggo.

Duk ranar da aka je aiki can, Labbo sai ya sha ba'a. Kawunsa Arzika, sarkin noman garin, tsoho mai gemu kamar na bunsuru, yakan jingina da waya ya ce, "Ɗana, wagga ita ag gonar da kaka ma aiki? Gwamnati da mota da jirgi, hauya guda ta gagare ta?" Labbo sai ya yi yaƙe. Abin yana yi masa zafi ƙwarai, don a Gulma a zagi uban mutum ya fi masa sauƙi da a nuna gonarsa da baki.

Da ruwa ya fara janyewa, Malam Ayinde ya ce zai tafi Sakkwato ya zo da Darakta da manyan baƙi su ga filin. A ranar ne kuma za a faɗi wanda aka riƙe. Ya ɗora Labbo a bakin ƙofa, tunda garinsu ne yana da wurin kwana.

"Ka ji ni da kyau, Labbo. Kada kowa ya shiga. Kada a taɓa ko ganye ɗaya. Ciyawar nan ita ce aikin, ita baƙin za su zo gani."

"Na ji, ranka shi daɗe. Ko in ɗan sassabe bakin ƙohwa don manya?"

"A'a. Bar shi."

"Ɗan kaɗan hakanga, inda za su aza ƙahwa?"

"Na ce a'a, na gode."

"Ba wahala wallahi."

"Labbo, a'a!"

Mota ta tashi. Labbo ya bi ta da kallo yana murmushi yana girgiza kai, irin na wanda ya gano sirri. Bai zame ko'ina ba sai zauren Arzika.

"Kawu, bawan Allah nan kunya za ta kashe shi. Manya za su taho tun daga Sakkwato, shi kai su gaban wanga kurmi? Ina ganin idonai, kuka kaɗai na bai yi ba."

"Ya ce a nome?"

"Haba Kawu! Babban mutum shi buɗe baki shi ce zo ka nome man gona? Ya zauna cikinmu, ya koyi kara. Kai in ka je gidan surukai anka aza maka tuwo, mi kaka cewa?"

"In ce alhamdu lillahi, na ƙoshi."

"Ka ƙoshin?"

"Ina hwa."

"To! Ina tayi shina a'a, ina tayi shina a'a, har da na gode. Wanga ai roƙo na."

Arzika ya shafa gemu. Maganar ta shige shi, don tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin wanda ya gayyato baƙi kallon ciyawa ba. Ga kuma burugun nan da ya daɗe yana yi wa jakunan gari kwalele ta bayan waya. Ya ce to a yi gayya, a fitar da baƙo kunya, a fitar da Gulma kunya. Aka sa mai shela ya zaga gari.

Gayya kuwa ba ta yiwuwa da baki, sai da tuwo da nama. Labbo ya bar ƙofar da aka ba shi tsaro, ya hau motar kasuwa zuwa Gwadangaji, ya shiga gida ya fara kwance akuyar Asiya.

"Ina za ka da ita?"

"Aikin gwamnati."

"Ita ma an ɗauke ta?"

Ya zayyana mata shirin duka, har da yadda Darakta zai rungume shi. Asiya ta ajiye muciya.

"Malam, mutumen ya ce a nome?"

"Bakinai bai ce ba. Idanunai sun ce."

"Ni da kunne nika jin magana, ba da ido ba."

"Akuya guda kika ma kuka? In na sa kaki, garke za ni kora miki har ɗaka."

Ta yi, ta yi, ya ƙi ji. Da ta ga dai akuya ta tafi, sai ta yafa gyale ta ce to ba wata macen da za ta dafa mata dabbarta tana raye. Riskuwa ma ya rufe tebur ya bi su, ya ce shi abin kallo ba ya wuce shi ko da zai yi asarar ciniki.

Ranar gayya gari ya fashe. Samari da fartanya da lauje da garma, makaɗa da gangar noma, mata da ƙoren fura, jakuna sun yi layi a bakin waya kamar sun san bikin nasu ne. Labbo da hannunsa ya buɗe ƙofa. Makaɗi ya saki kiɗa, samari suka yi kururuwa suka afka. Wayyo ciyawa! Abin da ya shekara da shekaru yana girma cikin kwanciyar hankali, kafin hantsi ya kwanta. Shinkafar daji kuwa da gayya aka bi ta, ana tumɓukewa ana zaginta, kowa na rama abin da ta yi masa a gonarsa. Turaku masu lamba aka ce ga itace Allah ya kawo, da su aka dafa akuyar Asiya. Igiyoyin awo aka ɗaure dammunan burugu da su aka ɗora wa jakuna.

Labbo bai taɓa fartanya ba. Ya hau kan suri da sanda a hannu yana ba da umarni.

"Kai yaro, ba haka aka riƙon hauya ba! Ni da kaka gani, in na duƙa tun asuba ba ni ɗagowa sai na ga ƙarshen gona. Ku tambaya a ba ku labari!"

Makaɗi ya ji haka ya juyo da ganga yana yi masa kirari, gwanin noma, bajimin fadama, mai kwana duƙe. Labbo ya ji kansa ya yi girma har ya kusa faɗowa daga kan surin. Kafin la'asar fili ya zama kamar tafin hannu. Da aka ga rana ta rage, sai Arzika ya ce aikin alheri ba a barinsa rabi, aka yanka fangalin shuka reras, wani ma ya kawo irin albasa aka dasa a gefen ƙofa don ado.

Washegari da hantsi Labbo ya sha babbar rigar Arzika, ya tsaya a ƙofa, makaɗa a bayansa, duk Gulma a bayan makaɗa. Sai ga Landroba da wata mota baƙa. Tun daga Sakkwato Malam Ayinde ke ba Darakta labarin filin, yana cewa babu irinsa a jihar duka. Mota ta tsaya. Ya leƙo, ya ce wa direba, "Pius, ka ɓata hanya."

"Oga, nan ne. Ga waya, ga ƙofa, ga Labbo."

Malam Ayinde ya sauko a hankali. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya sake cirewa ya goge. Ya taka har tsakiyar fangali, ya juya gabas, ya juya yamma, sai kawai ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba.

Labbo ya juya ga jama'a yana washe baki. "Kun gani? Mi nic ce muku? Murna ta! Ku kaɗa mai!"

Makaɗa suka ƙara wuta, mata suka rangaɗa guɗa.

"Ku yi shiru!" Malam Ayinde ya daka tsawar da ba a taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ganga ta mutu. "Ina ciyawata? Ina shinkafata?"

Arzika ya matso cikin ladabi. "Kak ka damu, Malam, ba mu bar ko ɗaya ba. Tana cikin jakkai."

Daidai nan wani jaki ya gitta da ragowar zangarniya a baki. Malam Ayinde ya zabura ya bi shi, ya kama zangarniyar yana ja, jaki na ja. Babban malami da tabarau, ga shi yana kokawa da jaki gaban manyan Sakkwato. Jaki ya yi nasara.

Darakta, Alhaji Abdussamadu, mutum ne mai tumbi da ƙarancin magana. Ya dubi taron ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?"

Labbo ya riga ya shirya amsar tun jiya, ta fito kafin hankalinsa ya tare ta. "Ni na, ranka shi daɗe! Ni kaɗai niy yi tunanin, ba wanda yat taya ni!"

Sai da ya rufe baki ya ga fuskar Darakta, ya ga ta Malam Ayinde. Nan take ya fara kame-kame.

"Wato... gayya ta, ranka shi daɗe. Kowa ya sa hannu."

"Kai kag gayyato mu!" in ji samari baki ɗaya.

"Ni ko hauya ban taɓa ba!"

"Wanga kam gaskiya na," in ji Riskuwa daga baya. "Ni shaida na."

Malam Ayinde ya dawo yana share fuska. "Na ce maka a'a. Da Hausa na faɗa maka, Labbo. Aikin shekaru! Yanzu ina zan sami ƙasar fadama da fartanya ta daɗe ba ta taɓa ba? Ina zan sake ganin shinkafar daji ta yi girma haka?"

Tausayinsa ya kama kowa. Arzika ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yi gyaran murya.

"Malam, in dai irin wagga ƙazanta kuka so, ai akwai wadda tah hi ta. Nan kusa, bayan giginyun can."

Labbo ya yi firgigit. "Kawu, rana ta yi zahi. Baƙi sun gaji."

"Ba nisa."

"Akwai macizai!"

"Mu je," in ji Darakta.

Aka ɗunguma, manya a gaba, gari a baya, Labbo a can ƙarshe yana jan ƙafa cikin babbar riga. Da aka zagaya giginyu sai ga wani dajin Allah tsakanin gonaki biyu gyararru. Burugu ya yi gaba da kan mutum, ƙaya ta sarƙe, shinkafar daji ta yi zangarniya tana rausaya kamar ita aka shuka. Malam Ayinde ya saki wata ƙara, ya faɗa ciki har da takalmi. Ba a ganinsa, sai motsin ciyawa da muryarsa yana kiran sunayen tsirrai kamar mai kiran 'ya'yansa da suka ɓata.

"Wannan ƙasar ta wane ne?" in ji Darakta. "Ba ta da mai ita?"

Idanu dai suka juya, ɗaya bayan ɗaya, suka sauka wuri guda.

"Ta gwanin noma ta, ranka shi daɗe," in ji Riskuwa. "Mai kwana duƙe."

Dariya ta ɓarke kamar an fasa dam. Makaɗi ya ɓoye gangarsa a bayansa. Asiya ta ratso mutane, ludayi a hannu, ta tsaya gaban mijinta.

"Malam, wagga ita ag gonar gadon da kaka ce man ruwa na cinyewa kowace shekara?"

"Asiya, gaban mutane muke."

"Ai gaban mutane anka ci akuyata."

Malam Ayinde ya fito, kansa duk ƙaiƙayi, ya rungumo shinkafar daji kamar jariri. Ya ce awon da ya yi a baya ya tafi ke nan, babu mai dawo da shi, amma in aka sami wannan wuri za a iya farawa daga fari. Darakta ya ce to sai a ciro waya a kewaye nan, in mai gona ya ba da aro.

Nan take ran Labbo ya dawo. Ya ga kaki, ya ga keke, har ƙararrawar ya ji a kunnensa. Ya yi tsalle ya dire gaban Darakta.

"Na ba da, ranka shi daɗe! Dama don wagga rana nib bar ta haka, hangen nesa na. Mai kula da ita kuwa ba sai an wahala nema ba, ga shi tsaye gabanka."

Darakta ya dubi Malam Ayinde. Malam Ayinde ya dubi sama. Kafin ɗayansu ya yi magana, Arzika ya ɗaga hannu, da zuciya ɗaya, don shi a ganinsa taimako zai yi.

"Ranka shi daɗe, kak ku wahal da gwamnati. Wagga gona tun rasuwar ubanai ba ta da waya, ba ta da mai gadi, kuma ko akuya ba ta shiga don tsoron abin da ac ciki. Mutum guda ad da ikon sa mata hauya dut duniya, shi kuwa ko an ɗaure shi an yi mai bulala ba ya yi."

Darakta ya gyaɗa kai a hankali. A karo na farko tun zuwansa ya yi murmushi.

"Madalla. Ashe ba ma bukatar kowa. An huta da kaki, an huta da keke."

Motoci suka tashi. Jama'a suka fara watsewa, wasu na riƙe da ciki, wasu na maimaita kirarin jiya da ƙarfi don ya ji. Labbo ya tsaya shi kaɗai gaban gonarsa, idanunsa sun kawo ruwa. Abin da ya ƙwallafa wa rai damina guda ya tafi, kuma bakinsa ne ya kore shi. Sannan ya ja numfashi, ya gyara babbar rigar aro a kafaɗa, ya juyo ga Riskuwa da sauran da suka rage.

"Ku dai ku hwaɗi gaskiya," in ji shi. "Dut ƙasar Kabi, gonata gwamnati taz zaɓa. Wanga hwanni ba wanda yak kamo ƙahwata."

Wannan karon kam babu wanda ya musa masa.